Wai ina ake ganin rahoton da hukumomi ke kai wa Antoni Janar kan dokar FOI?

AbuSafiyya:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah lauyoyi da ma'aikatan gwamnati na cikin zauren nan ina da tambaya, ku yi hakuri za ta dan yi tsawo.

A unguwarmu akwai wani karamin asibitin sha-ka-tafi da aka sa a kasafin kudin tarayya, irin ayyukan mazabun nan, an zo an kafa allo an yi harsashi an dora bulo har linta sai dan kwangila ya kwashe kayansa, yanzu awakin makwabta ne ke kwana a ciki. To mu a kungiyarmu ta matasan unguwa sai muka ce maimakon kullum surutu a majalisar mai shayi bari mu bi ta hanyar doka, muka rubuta wa hukumar da sunanta ke jikin allon takarda karkashin dokar nan ta yancin samun bayanai wato FOI, abu uku kacal muka nema, nawa aka ba da aikin, nawa aka biya zuwa yanzu, kuma wane kamfani ne. Sun karba sun buga mana hatimi a kwafinmu, daga nan shiru kake ji. Da sakatarenmu ya koma bin sawu sai wani jami'i ya ce masa da baki wai sunan dan kwangila da kudin da aka biya shi bayanan sirri ne, akwai sabuwar dokar kare bayanai da ta hana su bayarwa, in sun bayar su za a ci tara.

Sai kuma na ji a wani shirin rediyo ana cewa ai duk shekara dole kowace hukuma ta kai wa Ministan Shari'a rahoto ta fadi takardun neman bayani nawa ta karba, nawa ta amsa nawa ta ki. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne a ina talaka irina zai ga wannan rahoton, kuma takardarmu za ta fito a ciki? Wanda bai kai ba me ake masa? Sannan maganar dokar sirrin nan, da gaske ta danne ta FOI ko dai sallamarmu kawai aka yi?

Barista_MK:

Wa alaikumus salam Malam Abu. Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, yana nan a sashe na 29. Dokar dai Jonathan ne ya sa mata hannu ranar 28 ga Mayu 2011, bayan ta daɗe tana yawo a majalisa tun 1999, har an taɓa zartar da ita a 2007 Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba.

Sashen cewa ya yi kowace hukumar gwamnati, kar ya wuce 1 ga Fabrairu na kowace shekara, ta miƙa wa Antoni Janar na Tarayya, wato Ministan Shari'a, rahoton shekarar da ta gabata. Kuma ba a bar su su rubuta abin da suka ga dama ba, an zayyana musu. Takardu nawa suka karɓa nawa suka yi aiki a kai, sau nawa suka hana da dalilin kowace hanawa, mutum nawa suka kai su ƙara da abin da kotu ta yanke, takardu nawa ne ke ajiye ba a amsa ba zuwa 31 ga Oktoba da tsawon kwanakin da suka yi a ajiye, matsakaicin kwanakin da suke ɗauka kafin su amsa, kuɗin da suka karɓa a hannun masu nema, har da ma'aikata nawa suka ware wa wannan aikin da abin da aka kashe a kansa. Hukumar ita kanta dole ta fito da rahoton jama'a su gani, shi kuma Antoni Janar ya tattara su duka ya ajiye a wuri ɗaya a intanet, sannan kar ya wuce 1 ga Afrilu ya kai wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa nasa rahoton. Akwai sashe na musamman mai kula da FOI a Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, su ke karɓa.

A takarda kenan. A aikace kuwa, shekaru goman farko na dokar nan hukumomin da ke kai rahoto a shekara ba sa cika 100, alhali kwamitin Oronsaye da gwamnati ta kafa don duba tsarin hukumominta tun a 2012 ya ƙirga hukumomin tarayya 541, kuma ƙaruwa suka yi ba raguwa ba. Dalili a fili yake, dokar ba ta sa hukunci ko na sisin kwabo ga wanda bai kai rahoto ba. Ta sa tarar naira 500,000 ga wanda kotu ta samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, ta sa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga wanda ya lalata takardu ko ya sauya su da gangan, amma rahoton shekara an bar shi ga tsoron Allah na shugaban hukuma. Shi ya sa ƙungiyar Media Rights Agenda a 2017 ta koma fitar da sunayen hukumomin da suka yi kunnen uwar shegu tana kunyata su a jarida, don abin da ya rage kenan.

Ko takardarku za ta fito? Rahoton alƙaluma ne, ba a sa sunayen masu nema, don haka ba za ka ga sunan ƙungiyarku ba. In sun faɗi gaskiya za ta shiga lissafin waɗanda ba a amsa ba. Matsalar ita ce hukuma ita ke ba da labarin kanta kuma ba mai zuwa ya buɗe littafin rajistarta ya gwada, kamar a bar ɗalibi ne ya yi wa kansa makin jarrabawa. Amma a nan kwafinku mai hatimi yake da daraja. Shi kansa rahoton takardar gwamnati ce, kuna da ikon ku neme shi da FOI ɗin, ku rubuta musu ku ce a ba ku kwafin rahoton sashe na 29 na shekarar da kuka rubuta. In sun ce ba su kai ba sun amsa da bakinsu sun saɓa doka, in sun kai sun rubuta ba wanda ya nemi komai ga hatiminsu a hannunku.

Maganar sirri kuma sallamarku aka yi wallahi. Na farko kamfani ba mutum ba ne, dokar kare bayanai ta 2023 bayanan ɗan Adam take karewa. Na biyu sashe na 2 na FOI cewa ya yi ko ba wanda ya tambaya hukuma ta wallafa yadda kuɗi ke shigo mata da yadda take kashewa, da jerin fayilolin takardun neman kwangila, har sunayen ma'aikatanta da albashinsu da ranar da aka ɗauke su. Sirrin da sashe na 14 ya kare shi ne irin fayil ɗin majinyata, ɗalibai, bayanan harajin mutum, sunan wanda ya tsegunta laifi, kuma ko shi ɗin in maslahar jama'a ta rinjayi sirrin ana bayarwa. In ma akwai lambar wayar wani ko lambar asusunsa a cikin takardar, sashe na 18 ya ce a rufe wannan wurin a ba ka sauran.

Sannan hanawa da baki ba hanawa ba ce, sai a rubuce tare da faɗin sashen da aka dogara da shi. Kwana 7 suke da shi, za su iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa amma sai sun sanar da ku, in suka yi shiru doka ta ɗauka sun hana. Daga nan kuna da kwana 30 ku je kotu, kuma su ne za su kawo hujjar hanawa ba ku ba. In kwana 30 ɗin ya wuce kotu na iya ƙara lokaci, amma mafi sauƙi ku sake rubuta sabuwa lissafi ya fara daga farko.

TsohonAkawu:

Barista Allah ya kara basira, ka fadi doka, ni kuma bari in fadi abin da ke faruwa bayan an buga hatimin nan, don a cikin fayil na tsufa har na yi ritaya.

Takardarka in ta shigo rajista yaron da ya karba bai san ta bambanta da takardar neman aiki ko ta neman taimakon masallaci ba, duk tire daya suke shiga. Sai a bude mata fayil ko a cusa ta a wani tsoho, masinja ya kai ofishin shugaba, shi kuma yana Abuja ko yana bita a Kaduna, in ya dawo ya rubuta da koren biro a kai wa daraktan shari'a ya ba da shawara, daraktan shari'a ya tura wa na sayen kaya tunda maganar kwangila ce, na sayen kaya ya ce ai biyan kudi a wajen akanta yake, kafin ta bar tebur na biyu kwana bakwan nan da Barista ke fada sun dade da wucewa kuma babu wanda a cikinsu ya ji a jikinsa cewa agogo na tafiya. Ba duka mugunta ba ce, wani lokacin ita takardar da kake nema ma ba a san inda take ba, na ga sito da idona an jibge fayil har rufi daure da igiya, ruwa ya zuba ta sili na kasa sun manne da juna gara ta cinye gefe, ka ce wa yaro dan mataki na 6 ya shiga nan ya nemo maka takardar biyan kudi ta shekara hudu baya?

Sai kuma tsoro, wanda shi ne babba. Mu ranar da aka dauke mu rantsuwar rike sirri muka yi, dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan ba a soke ta ba, kusan kowane fayil an buga masa SECRET da jan tawada ko da lissafin kudin tsintsiya ne a ciki. Na san Barista zai ce sashe na 27 da 28 sun kare ma'aikacin da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya, haka ne, amma ma'aikaci abin da idonsa ya gani yake bi. Ya ga an ba wani takardar tuhuma an tura shi kauye saboda takarda ta fita, bai taba ganin wanda aka taba saboda ya hana ba, to wanne zai zaba?

Rahoton shekara kuwa ga yadda yake kasancewa a inda ake kai shi ma. Watan Janairu takardar tunatarwa za ta zo da fom, a nemi jami'in FOI a tarar an yi masa canjin wurin aiki tun bara ba a nada wani ba, sai a mika wa duk wanda ke kusa a sashen shari'a ko na hulda da jama'a. Babu littafi na daban da ake shigar da takardun FOI, to daga ina zai samo adadi? Sai ya leka ofis biyu uku ya tambaya ko wani ya tuna, kowa ya ce bai tuna ba, ya zauna ya cike gurabe, wadanda aka karba babu, wadanda aka hana babu, kudin da aka kashe babu, oga ya sa hannu a tura. Shi a ganinsa bai yi karya ba. Wannan hukumar a lissafin Abuja ta shiga sahun masu bin doka kenan, ta ma fi daruruwan da ba su tura komai ba. Shi ya sa ni in na ji ana murna wai adadin masu kai rahoto ya karu nake cewa a bude a ga me ke ciki tukuna.

Malam Abu shawarata, sabuwar takardar ku sa sunan mukamin shugaban hukumar, kar ta wuce shafi daya, ku rubuta FOI da manyan baki a sama da kwana 7 din, ku sa a kasa cewa kun aika wa Antoni Janar kwafi kuma ku aika din da gaske. Wannan layin na kasa shi ke sa fayil ya yi kafa.

Sadauki77:

Hmm ku dai kuna da karfin hali. Rahoton da ita majalisar da ake kai wa ba ta taba zama a kansa an ji ta kira wani shugaban hukuma ta titsiye shi ba, ina amfaninsa? Kuma ayyukan mazabun ai nasu ne, wa zai tona wa kansa asiri. Ga jihohi ma ka rubuta musu su ce maka dokar tarayya ce ba ta shafe su ba sai majalisar jiha ta yi tata. Talakan da ke neman na masara ina ya ga kudin lauya da zai yi shekara uku yana zarya a kotu kan takarda daya. Ni dai ina ganin a tara yan jarida a kai su gaban kangon a dauki bidiyo a sa a Facebook ya fi sauri.

Maman_Ilham:

Salam. Ni ɓangaren kare bayanan nake aiki, a wani kamfani mai zaman kansa, don haka bari in ɗan tofa a kan rabin tambayar na biyu, don ita ma dokar tana da nata rahoton shekarar kuma abin da zai ba ku mamaki shi ana kai shi a guje.

Dokar Tinubu ne ya sa mata hannu a watan Yuni 2023, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC wadda Dakta Vincent Olatunji ke shugabanta. Kafin ita akwai ƙa'idar da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar a 2019, tun lokacin aka fara cewa duk mai riƙe da bayanan mutane da yawa ya riƙa kawo rahoton odit duk shekara. Da 15 ga Maris ne wa'adin, sabon umarnin da hukumar ta fitar a 2025 ya mai da shi 31 ga Maris. Akwai kamfanoni masu lasisi da aikinsu kenan, su zo su duba ina kuke ajiye bayanan kwastomomi, wa ke da mabuɗin shiga, wa kuke ba wa, kun naɗa jami'in kare bayanai ko ba ku naɗa ba, su rubuta a shigar. In aka yi kutse aka kwashi bayanan mutane kuma awa 72 gare ku ku sanar da hukuma.

Mu a wajenmu tun Janairu manaja ke hana kowa sakat a kan wannan rahoton, ba don yana ƙaunar sirrin kowa ba, don ya san akwai tara ne. Manyan masu riƙe bayanai tarar na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, kuma an ga an yi. An ci bankin Fidelity naira miliyan 555.8 a 2024 duk da bankin ya musanta laifin, an ci MultiChoice miliyan 766 a 2025, Meta ma an yanka mata dala miliyan 32.8 kafin daga baya su sasanta a wajen kotu. A watan Agusta 2025 hukumar ta buga sunayen kamfanoni sama da 1,300 ta ba su kwana 21 su kawo shaidar sun bi doka. To ku kwatanta da abin da Baba Akawu ya faɗa. Ƙasa ɗaya, dokoki biyu, kowacce ta ce a kawo rahoto a farkon shekara, ɗaya tana da hukuma tata ta kanta da tara da kuɗin shigar da rahoto da ke shiga asusu, ɗayar kuma an jingina ta a wani sashe cikin ma'aikata ba ta da ko bulala.

Amma fa kar a ɗauka ina yabo ne kawai. Ku duba sunayen da ake ci tara, duk 'yan kasuwa ne, alhali wa ya kai gwamnati tara bayananmu? NIN, fasfo, katin zaɓe, lasisin tuƙi, rajistar tallafi, JAMB. Dokar ta hau kan hukumomin gwamnati su ma, ya kamata su yi rajista su naɗa jami'i su kawo odit, amma su ne a baya. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN da BVN na mutane a kan naira 100, hukumar NIMC mai ba da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba, to ko ta wace ƙofa suka fita dai sun fita. Ga masu manhajar bashin nan da ke kwashe lambobin wayar mutum su bi danginsa da surukansa da saƙon cin mutunci, ƙanwar maƙwabciyata har gidan mijinta abin ya kai. Je ka wani ofishin ka ga fom ɗin mutane da hotonsu da lambar NIN a zube a baranda, wasu ma a wajen mai ƙosai za ka tsince su. Wannan shi ne sirrin da aka yi dokar dominsa. Abin haushi ranar da kawai ake tuna ta a wasu ofisoshin ita ce ranar da aka tambayi kuɗin kwangila.

Malam Abu sunan kamfanin in kun samu ku duba shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, tun 2023 akwai rajistar ainihin masu kamfani a buɗe, kyauta ne.

DanZongo_Kumasi:

Gaisuwa daga Kumasi yan uwa. Mu nan Ghana mun makara, sai 2019 aka yi tamu dokar, Act 989, ta fara aiki Janairu 2020, ta kare bayanai kuwa tun 2012 muke da ita. Amma da aka tashi yi sai aka kafa mata hukuma mai zaman kanta, RTI Commission. Ofis na da kwana 14 ya amsa maka, in ya ki ka kai kuka wajen shugaban ofishin, in bai yi ba ka wuce hukumar ba sai ka dauki lauya ba, kuma tana da ikon cin ofishin gwamnati tara, ta ci da dama. Rahoton shekara ma wajenta ake kaiwa cikin kwana 60 bayan karshen Disamba, sannan minista ya kai wa majalisa kafin karshen Yuni.

Wani abu da ya yi suna a nan, a 2021 yan jaridar The Fourth Estate suka nemi sunayen kamfanonin da ke da lasisin hakar ma'adinai, hukumar ma'adinai ta Minerals Commission ta ce su biya dala 1,000, suka kai kara hukumar RTI ta ce a ba su ta imel a kan abin da bai kai sidi 2 ba. Ba wai mun tsira ba ne, mu ma ofisoshi da yawa ba sa kai rahoton kuma wasu in an ci su tarar sai su ki biya a yi ta ja, amma akalla akwai kofar da talaka zai kwankwasa kafin kotu. Abin da Sadauki ke kuka da shi kenan ai.

Barista_MK:

Ɗan'uwa na Kumasi ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, rashin hukuma mai zaman kanta shi ne babban giɓin dokarmu. Antoni Janar shi aka ɗora wa sa ido a kan hukumomi su bi dokar, kuma shi ne babban lauyan gwamnatin da ake kai ƙara in an hana, mutum ɗaya riga biyu. Shi kansa sashe na 29 ɗin daga dokar Amurka aka kwafo shi kusan kalma da kalma, har ranar 1 ga Fabrairun da 1 ga Afrilun, har sunayen kwamitocin da aka ce a sanar na majalisar Amurka ne na wancan lokacin. Su can akwai kwamitocin da ke jiran rahoton su yi aiki da shi, mu an kwafo wa'adin an bar mai karantawa.

Malam Sadauki maganar jihohi ta sauya. Da can Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rabu biyu, ta Benin ta ce dokar ba ta hau kan jihohi ba ta Akure ta ce ta hau, duk a 2018. A watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar da aka yi da hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar Edo, ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Don haka jiha ko ƙaramar hukuma ba ta da wannan mafakar yanzu. Bidiyo kuma a yi, ban hana ba, amma bidiyon da aka ɗaga takarda mai hatimi a ciki ya fi wanda ake zagi kawai, kuma ya fi wuya a kai ku ƙarar ɓata suna.

Hajiya Maman Ilham na gode, ƙari ɗaya zan yi don na san inda lauyoyin hukumomi za su laɓe. Sashe na 63 na dokar 2023 ya ce in wata doka ta ci karo da ita a kan sarrafa bayanan mutum ita ce a sama. To amma ita ɗin dai a sashe na 25 ta halatta sarrafa bayani in wata doka ce ta wajabta, FOI kuwa doka ce, don haka ba karo a nan. Inda ake fafatawa da gaske shi ne irin takardun bayyana kadarori. Ƙungiyar SERAP mai fafutukar yaƙi da rashawa ta nemi na shugabanni a wajen hukumar ɗa'ar ma'aikata ta CCB a 2019 aka ce mata sirri ne, ta je Babbar Kotun Tarayya a Legas ba ta yi nasara ba, saboda tsarin mulki ya ce majalisa ce za ta tsara sharuɗɗan da jama'a za su duba takardun kuma ba ta tsara ba. Wannan muhawara ce ta gaske, gidan mutum da asusunsa da na 'ya'yansa ne a ciki. Kuɗin bulo da siminti na asibitin unguwa bai shiga wannan layin ba.

TsohonAkawu:

Hajiya ki yi hakuri zan dan saba miki a wuri daya. Tara tana aiki a kanku ne saboda daga ribar mai kamfani take fita. Ki ci hukumar gwamnati tarar miliyan goma yau, akanta zai bude fayil a biya daga baitulmali, kudinki da nawa, shugaban ko a jikinsa, wata kila ma a samu na kashewa a wajen hada takardun biyan. Ita naira 500,000 din ta FOI a 2011 kudi ce, yanzu ko taya hudu na motar oga ba za ta saya ba.

Abin da na ga shugabannin hukuma na tsoro da idona abu biyu ne, ranar kare kasafin kudi a gaban kwamitin majalisa da takardar odita janar. Ranar kare kasafi har janareta ake tayarwa a kwana a ofis ana hada takardu. Da kwamiti zai ce ba za mu saurare ka ba sai ka ajiye shaidar ka kai rahoton 1 ga Fabrairu, tare da kwafin littafin da ka shigar da takardun da sunan ranar da kowacce ta shigo da ranar da ta fita, wallahi a shekara daya za ki ga an sayo littafin an nada mai rike shi. Wannan ba ya ma bukatar a gyara doka, shugaban kwamiti daya ne zai sa shi a jerin takardun da yake nema. Wadanda ke da dan majalisa a kusa ku fara kai masa wannan, Barista in da hali ka rubuta mana shi a shafi daya da Hausa da Turanci ka saka a nan kowa ya kwafa.